A Gyara Cikin Birnin Kano, Amma Kada A Tashi Mutanensa

Duk wanda ya ratsa Kasuwar Kurmi da damina ya san cikin birnin Kano yana bukatar gyara. Magudanan ruwa sun toshe, kududdufan da ke shanye ruwan sama kuwa an cike da yawa daga cikinsu an yi gini a kai. Inda ake gardama shi ne irin gyaran da za a yi.

Tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463-1499), wanda ya kafa Kurmi, abin da ya raya waɗannan unguwanni shi ne gida da sana'a ba su rabu ba. Maɗinki yana aiki a zaurensa, malam yana karantar da yara a ƙofar gidansa, matan aure suna sana'a daga cikin gida, ga kasuwa kusa. Sunayen unguwannin ma shaida ne: Soron Ɗinki, Dukawa. Idan aka biya baduku diyya aka tura shi bayan gari, an raba shi da masu sayen kayansa da yaran da za su gaje shi, kuma babu kuɗin da zai maido masa da su.

Abin takaici, wasu ma'aikata sun ɗauka gyara shi ne rusau. A 2010 an rushe Ƙofar Na'isa don faɗaɗa titi, aka gina sabuwa. Badalar da aka sa cikin jerin wuraren da Nijeriya ke nema wa amincewar UNESCO a 2007, an yi ta gutsurarta ana kafa shaguna. Agadas kuwa, wadda ta riƙe gine-ginenta na ƙasa da mutanenta a ciki, ta sami wannan amincewa a 2013.

Ba wanda ya ce a bar talaka cikin ɗakin da ke yoyo don baƙi su ɗauki hoto. Ya kamata hukuma ta fara da magudanan ruwa da famfo da kwashe shara, sannan ta ba masu gidaje rance mai sauƙi, ta ɗauki maginan gargajiya da suka san tubali da azara da makuba, tun kafin su ƙare.

Akwai kuma wuyar da ba a cika faɗa ba. Gidaje da yawa na gado ne, magada barkatai, ba mai ikon taɓa katanga shi kaɗai, shi ya sa ake sayar wa masu gina jerin shaguna. Wannan sai an zauna da masu unguwanni da alƙalai, gida-gida, kafin a zana taswira ko ɗaya.