Kafin Ka Kai Wa Ƙauye Starlink, Fara Da Lissafin Wuta

Tambayar da ta fi yawan zuwa mini a 'yan watannin nan daga 'yan'uwa take, mazauna birni ko ƙasar waje, da suka yi karo-karo za su saya wa gida intanet ɗin tauraron ɗan Adam. Tsofaffi na ƙauye, sabis kuwa sai an hau tudu ko an taka bakin kasuwa kafin a ji muryar jika. Wasu kuma gona ce, wasu ɗakin shan magani ne ko makarantar garinsu. Duk tambayar ɗaya ce: nawa ne kuɗin kayan? Ni kuma kafin in ba da amsa sai in tambaya: da me za ku ba shi wuta?

Bari mu fara bambance iri biyu, don ana yawan haɗa su. Akwai tsohon tsari da ake kira VSAT, mai babban dish irin wanda ake gani a bayan bankuna. Shi yana magana ne da tauraron da ke can nisan kilomita 35,786, wanda ke juyawa daidai da juyawar duniya, don haka daga ƙasa kamar a tsaye yake wuri ɗaya. Tauraron Najeriya NigComSat-1R, da aka harba daga China a Disambar 2011, irin wannan ne. Daga Kano za ka juya masa dish gabas, ya ɗan karkata kudu, a ɗaga shi kusan digiri 48. Kuskuren digiri ɗaya ya isa sigina ta ɓace, kuma ko an saita sai an kira cibiyar kamfanin sun gwada sun buɗe layi kafin modem ya fara aiki. Wannan aikin injiniya ne. Wanda ya iya ɗaura dish ɗin kallon ƙwallo kada ya ce zai gwada.

Starlink kuwa, wanda ya shigo Najeriya a Janairun 2023, ita ce kuma ƙasa ta farko a Afirka, taurarinsa dubbai ne, suna wucewa a guje a nisan kilomita 550 ko kusa da haka. Farantinsa shi ke bin su da kansa. Shi ya sa magana ta bidiyo ba ta jinkiri kamar ta VSAT, inda sai ka yi shiru ka jira muryarka ta je ta dawo. Shi ya sa kuma mutum zai iya kafa shi da wayarsa.

To, mu koma kan wuta. Babban farantin da aka fi sayarwa yanzu yana cin wat 75 zuwa 100. A yini da kwana wannan ya kai yunit 1.8 zuwa 2.4, irin yunit ɗin da ake saya a mita. Babban batirin sola mai 200Ah da bolt 12 yana ɗaukar yunit 2.4, amma idan na ruwa ne, rabi kawai ya kamata a riƙa zuƙa, in ba haka ba ya mutu tun kafin ya ci kuɗinsa. Ke nan yunit 1.2 gare ka. Daga magariba zuwa hantsi Starlink kaɗai zai cinye wannan, ga inbata ma na cin nata rabon. Ba a yi maganar ƙwan fitila ba, ba a yi maganar fanka ba, ba a kuma yi maganar wayoyin rabin gari da za su zo caji ba, kuma sai sun zo.

Farantin sola mai wat 300, a rana mai kyau, abin da zai ba ka bai wuce yunit ɗaya da 'yan kai ba. Ke nan biyu ne mafi ƙanƙanta. A watan Agusta da hadari ke rufe rana, ko a hunturu da ƙura ke kwanciya a kan gilashi, biyun ma da ƙyar. Wanda ya kashe kuɗinsa duka a kan kaya ya bar wuta sai “Allah zai kawo”, bayan wata uku zai tarar da farantin a kan rufi tattabaru na hutawa a kai.

Akwai hanyoyin rage ci. A cikin manhajar akwai wurin sa masa lokacin barci, misali daga sha ɗaya na dare zuwa asuba. Akwai kuma wani tsari na ɗumama faranti don narkar da dusar ƙanƙara, wanda aka yi domin mutanen Kanada da makamantansu. A Gumel ko Tessaoua ba abin da zai narkar, ka kashe shi. In kuma masu amfani ba su da yawa, ƙaramin da ake kira Mini yana cin wat 25 zuwa 40 ne kawai, kuma ana iya ba shi wuta daga batir ba tare da inbata ba. Ga gida ɗaya a ƙauye, ni shi zan zaɓa.

Sai wurin kafawa. Farantin na bukatar sararin sama fayau, ba kusurwa ɗaya ba, domin taurarin wucewa suke yi. Wannan darbejiyar da ke tsakar gida, wadda kowa ke son inuwarta, ita ce babbar abokiyar gabarsa. Reshe ɗaya ya isa kira ya riƙa yankewa duk bayan 'yan mintuna. Manhajar na da wurin da za ka ɗaga kyamarar waya ka zagaya da ita sama, ta gaya maka ko wurin ya yi. Ka gwada wuri uku ko huɗu kafin ka sa a kwaɓa siminti. Ka kuma tuna bishiyar da ka gani a kaɗe da rani, da damina ba haka take ba. Kada a ajiye shi a kan rufin kwano a danne da bulo. Iskar farkon damina ta ɗauke rufin ma, balle shi. A kafa bututun ƙarfe mai kauri a zuba masa kankare.

Abin da ke ba mutane kunya a ranar kafawa ƙarami ne: a iso ƙauye sannan a tuna ba a sauke manhajar ba, ga shi babu sabis. Ka sauke ta tun kana birni, ka shiga asusunka, ka tabbatar an biya kuɗin wata. Wurin adireshi kuma, tunda ƙauye babu lambar gida, ana karɓar lambar nan ta Plus Code daga taswirar Google. Idan an jona wuta, a ba shi minti ashirin ya nemo taurari ya sabunta kansa, kada a yi ta cirewa ana mayarwa. Sabon farantin ba ya juyawa da kansa. Manhajar za ta nuna maka inda za ka karkata shi da hannu.

Wayar da ta zo da shi mita 15 ce. Kada a naɗe ta da ƙarfi, kada a matse ta a ƙofa, a zura ta cikin bututun roba saboda ɓeraye da awaki. Inda za ta shiga ɗaki a bar ta ta ɗan sauko ƙasa sannan ta hau, domin ruwan sama ya ɗiga a waje maimakon ya bi ta har cikin rauta. Ƙarfen da ya fi komai tsawo a gida kuwa yana jawo tsawa, don haka a kira mai aikin lantarki ya binne sandar tagulla a ƙasa ya haɗa. Rautar a ajiye ta a inuwa, a tsakiyar gida, domin katangar ginin ƙasa mai kauri tana tare sigina sosai.

Saura maganar da ke raba zumunci. Da sunan wa aka buɗe asusun, kuma wa zai riƙa biya duk wata? Kuɗin watan ya canja fiye da sau ɗaya tun 2023, kuma ba ƙasa ya yi ba. A yanke wannan a zaune tun kafin a sayi kaya, mutum biyu su san imel da kalmar sirrin. Mai sayen na hannu ya tabbatar tsohon mai shi ya sake shi daga asusunsa a gabansa, in ba haka ba ya sayi faifai ne. Da farko Wi-Fi ɗin a buɗe yake zuwa, ba kalmar sirri. A sa masa tun ranar farko, a kuma kunna matatar da ke cikin manhajar mai toshe shafukan batsa, tunda yara za su riga manya iya amfani da shi.

Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya zai iya ɗaukewa na ɗan lokaci, ya dawo da kansa in hadarin ya wuce. A gaya wa Baba wannan tun da wuri, kada ya tura yaro kan rufi cikin walƙiya wai ya je ya gyara.