"In Bulo Ya Shiga, Ai Ya Yi": Ƙaryar da Muke Ɗora Ƴaƴanmu a Kai

Akwai wata magana da ta zama karatu a garejinmu, daga Maraɗi har Damagaram: in aka kawo sabon janti, wato ƙarfen da ake sa wa taya, bulo ya shiga raminsa, to shi ke nan, ya yi. Ni kuwa na ce bai yi ba. Kuma laifin ba na makaniki ba ne shi kaɗai. Da mu malamai da mu iyaye, kowa yana da kasonsa.

Ku juya bayan janti ku duba. Galibi za ku ga rubutu kamar 6Jx15 ET45. Faɗinsa inci 6 ke nan, girmansa inci 15. ET45 kuwa shi ne abin da ba a kulawa da shi: tazarar milimita 45 tsakanin tsakiyar faɗin janti da fuskar da ke manne da ƙafar mota. In fuskar ta karkata waje daga tsakiya, lambar tana sama da sifiri. In ta karkata ciki, tana ƙasa da sifiri, taya kuma sai ya turo waje.

In rubutun ya goge, awon ba wuya. A kifar da janti ƙasa, a auna faɗinsa baki zuwa baki, a raba biyu. A gitta miƙaƙƙen katako bisa bakin baya, a auna daga katakon zuwa fuskar da ke manne da mota, sannan a ɗebe rabin faɗin. Misali, faɗi milimita 178, rabinsa 89. Zurfi 134. In an ɗebe 89 daga 134, saura 45. Raba biyu da ɗebewa ke nan, lissafin da ɗan firamare ya sani.

Me zai faru in an ƙi aunawa? In lambar ta yi ƙasa da wadda kamfani ya tsara, taya ya fito waje, ya riƙa gogar jikin mota duk lokacin da aka faɗa rami ko aka yi lodi, nauyi ya koma gefe guda bisa rulma, ta ci da wuri, sitiyari ya canza hali. In ta yi yawa, janti ya shige ciki, ya taɓa birki ko amortisa. Ku ɗauki Peugeot 206 da Ford Fiesta: dukansu bulo 4 ne bisa da'irar milimita 108. Jantin Peugeot zai hau Ford, bulo ya ɗauru daram, amma taya ya turo waje fiye da yadda aka tsara, ramin tsakiya ma ya fi ƙafar faɗi. Ido ba zai gani ba, sai awo.

Wani zai ce mai gareji ya shekara 30 yana aiki bai taɓa riƙe abin awo ba. Ina girmama hannunsa. Amma tayan da ya gogu har ya fashe tsakanin Tasawa da Takeita ba gareji yake komawa ya kai ƙara ba. Cewa ake yi hanya ce, ko zafi ne, ko ƙaddara. A cikin irin motocin nan ne kuwa ƴaƴanmu ke tafiya hutu da dawowa lakwal.

Malamai, ku yi mini haƙuri. Shekara nawa muna koya wa ƴan kwaleji lambobin da ke ƙasa da sifiri bisa allo, yaro ya tambayi amfaninsu, mu ce za su fito a jarrabawa? Tsohon janti guda, katako da abin awo sun isa darasi. Ku kawo shi aji, yara su auna da hannunsu.

Iyaye kuma, ku daina cewa "ba shi da kan boko, a kai shi gareji". Gareji ma lissafi yake ci. Yaron da aka cire bai iya karanta milimita ba, ido kawai aka ba shi ya yi aiki da shi, rayukan mutane kuma na bisa aikin nan.

In za ku canza janti, ku nemi lambar ET ta tsohon, ku kwatanta da ta sabon tun kafin ku biya. Wanda ya ce muku ba komai, ku miƙa masa abin awo ya nuna muku.