Aya-aya: Zafin Bazara Ya Fi Fartanya

Duk mai ɗan lambu a bayan gida, ko garka a bakin fadama, daga Lafani har Kalmalo a ƙasar Illela, ya san aya-aya. A nome ta ranar Lahadi, kafin wata Lahadin ta sake leƙowa a tsakanin albasa da alayyafo. Ra'ayina shi ne, hanyar da muke yaƙar wannan ciyawa ita ce ke ƙara mata ƙarfi, alhali kuwa Allah Ya ba mu maganinta kyauta a ƙasar Sakkwato.

Masana ilmin tsirrai suna kiranta Cyperus rotundus. 'Yar'uwa ce ga ayar da ake nomawa a jihar Maraɗi, sai dai ita ƙwayarta ɗaci gare ta. A shekarar 1977 wani masani ɗan Amurka, LeRoy Holm, da abokan aikinsa suka jera ciyayin da suka fi ɓarna a duniya, suka sanya ta a farko, domin an same ta tana addabar amfanin gona iri 52 a ƙasashe 92.

To, ina asirinta yake? A ƙarƙashin ƙasa. Ƙwayoyinta a sarƙe suke kamar carbi, wani siririn jijiya ya haɗa su. Ƙwayar da ta tsiro takan danne 'yan'uwanta su yi ta barci. Da zarar fartanya ta tsinka jijiyar, sai masu barcin su farka, kowace ta fid da nata tsiro. Ke nan mai sarar aya-aya a jiƙaƙƙiyar ƙasa shuka yake yi, ba noma ba. An kashe maciji, ba a sare kansa ba. Albasa kuwa ta fi shan wuya, saboda ganyenta sirara ne, ba ta da inuwar da za ta kare kanta.

Wani zai ce ai ga maganin feshi a kasuwar Illela. Gaskiya ne, amma a lura. Farakwat ganye kawai yake ƙonewa, ƙwaya tana nan lafiya lau, ga shi kuma guba ce mai kisa wadda ba ta da makari. Gilaifoset yakan gangara har cikin ƙwayar da ke da ganye, amma ba ya gamawa da duk masu barci, kuma ba ya bambanta ciyawa da tumatir. A gidan da yara da kaji ke yawo, wannan ba abin farawa da shi ba ne.

Raunin aya-aya biyu ne: bushewa da inuwa. Mafi yawan ƙwayoyinta ba su wuce zurfin santimita 15 ba, kuma idan suka bushe ƙayau sun mutu. A watan Afrilu zafi a yankinmu yakan haura digiri 40. Saboda haka bayan an cire albasa, a daina ban ruwa, a kafce ƙasa kamar zurfin taƙi guda, a bar ta a rana, a riƙa juya ta mako-mako har faɗuwar damina. Ƙwayoyin da suka fito fili a tsince a ƙone, kada a zuba su cikin taki. Da damina a rufe wurin da wake mai yaɗo, ko dankali, ko kabewa. Duk tsiron da ya kuɓuta a tuge shi tun bai kai ganye 6 ba, kafin ya soma sababbin ƙwayoyi. Bugu da ƙari, a bincika ƙasar da ke manne da dashen da aka sayo, domin ta nan baƙuwar takan shigo gida.

Ba aikin shekara guda ba ne, kuma akwai gumi a ciki, amma ba ya cin ko kwabo.

Daga ƙarshe, ina kira ga malaman kimiyyar noma da su bar ɗalibai su gane wa idanunsu. A tono ƙwaya 20, a shanya 10 a rana tsawon mako 2, a adana 10 cikin ƙasa mai laima. Sannan a shuka kowane kashi a tukunyarsa, a ba su ruwa daidai, a ƙirga tsiro. Ɗalibin da ya yi wannan ƙirga da hannunsa, shi zai koma gida ya shawo kan mahaifinsa.