Kuɗin Ƙwanƙwasa Ƙofar Ɗan Majalisa: Me Manomin Fadamar Haɗejiya Zai Saya?

A Amurka akwai wata manhaja mai suna Resistbot da aka ƙirƙiro a 2017. Mutum zai tura mata saƙon tes, ita kuma ta gano masu wakiltarsa a majalisa, ta mayar da saƙon wasiƙa, ta isar musu. Aika saƙo na yau da kullum kyauta ne, amma akwai rajistar zama mamba da ake biya domin ƙarin hidimomi. A Birtaniya, WriteToThem na yin irin wannan aiki ba tare da karɓar ko sisi ba, haka nan Shine Your Eye a Najeriya yana nuna wa mai zaɓe sunan wakilinsa da hanyar samunsa. Da yadda wayar hannu ta shiga kowane lungu, ba abin mamaki ba ne wata rana a wayi gari ana tallata wa mutanen Jigawa rajista irin wannan: biya kaza duk wata, a kai kukanka Abuja.

A ƙasar Haɗejiya, biyan kuɗi don a ga wakili tsohon abu ne, rasit kawai ba a bayarwa. Idan ambaliya ta ci gonakin shinkafa, kamar yadda ta yi a 2020 da 2022, gari yakan yi karo-karo, a ɗauki shatar mota, a tura dattawa Dutse ko Abuja. Can kuma sai a nemi wanda ya san wanda ya san yaron mai gida, a ba shi na goro, a zauna a bakin ƙofa. Sau da yawa abin da ake dawowa da shi bai wuce kuɗin mota da alkawari ba. Duk wanda ya taɓa yin wannan zirga-zirga zai ga rajistar wata-wata ta yi masa araha.

Sai dai arahar ba ta sa ta zama mai amfani. Abin da irin waɗannan hidimomi ke sayarwa shi ne isar da saƙo, alhali saƙon ambaliya ya daɗe da isa. Babu sanatan Jigawa ta Arewa maso Gabas ko ɗan majalisar Haɗejiya da Kafin Hausa da Auyo da zai ce bai san ruwa na cin gonaki ba. Wakilin Kirikasamma da Birniwa da Guri kuwa ya san yadda kachala ta toshe hanyoyin ruwa tun kafin ya tsaya takara. Gwamna Umar Namadi kansa ɗan Kafin Hausa ne. Abin da ya yi ƙaranci shi ne dalilin da zai sa wanda ya ji kukan ya motsa, kuma wasiƙu dubu masu kalmomi iri ɗaya, da na'ura ta tura, ba su da nauyin da za su tilasta masa.

Tsoron kiranye ma ba wani tsoro ba ne. Sashe na 69 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba masu zaɓe damar dawo da wakilinsu gida, amma sai fiye da rabin masu rajistar mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. Yunƙurin da aka yi wa Sanata Dino Melaye a Kogi ya rushe a matakin tantancewa a 2018. 'Yan majalisa sun san wannan lissafin sarai.

Sannan akwai batun sanin ƙofar da ta dace, wanda nan ne takardun koke da yawa ke ɓata. Ruwan da ke gangarowa kogin Haɗejiya yana biyowa ta madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa ta 1992, kuma dukkansu suna hannun hukumar raya kogunan Haɗejiya da Jama'are, ta gwamnatin tarayya. Ɗan majalisar jiha da ke Dutse ba shi da iko a kan ranar da za a saki ruwa. Ɗan majalisar tarayya ma ba ya buɗe madatsa, amma sashe na 88 da na 89 sun ba majalisarsa ikon kiran shugabannin hukumar su yi bayani, kuma da hannunsa ake amincewa da kasafin kuɗinta. Takardar da ta ce "a taimaka mana" ta kan ƙare a aljihun tebur. Wadda ta ambaci sunan mashigar da ta toshe, da kuɗin da aka ware don yashe ta a kasafin wata shekara, ta kuma nemi a gabatar da ita a zauren majalisa domin a miƙa wa kwamitin koke-koken jama'a, ita ce ke da wuyar yin watsi da ita.

Haɗa irin wannan takarda yana cin kuɗi da lokaci, kuma a nan ne kuɗin mamba yake da hujja. Ƙungiyoyin masu amfani da ruwa na aikin noman rani na Auyo, wanda Shugaba Buhari ya ƙaddamar a farkon 2023, da ƙungiyoyin manoman shinkafa da na masunta, duk sun saba da karɓar kuɗin ƙungiya. Idan aka ware wani kaso don ɗaukar mai bibiya, wanda zai karanta kasafi, ya duba abin da Tracka ta BudgIT ta tattara kan ayyukan mazaɓu, ya rubuta wa hukuma a ƙarƙashin dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 wadda ta ba ta kwana 7 ta amsa, to an sayi abin da manhaja ba ta bayarwa. Haɗarin kawai, kuma ba ƙarami ba ne, shi ne shugabannin ƙungiya su koma 'yan amshin shatan wanda aka ce su matsa wa.

Akwai kuma wata illa da masu tallan rajista ba sa faɗa. Ranar da aka saba cewa mai biya ne ake saurara, ma'aikacin banki a Kano wanda mahaifarsa Haɗejiya zai riga mai kamun kifi a Guri isa kunnen wakilin da su biyun suka zaɓa, duk da cewa gidan mai kamun kifin ne ruwa ke shiga idan Satumba ta kama.