Gaggawa Ba Ta Koyar Da Juyin Allo

Duk wanda ya bi ta Filin Wasa na Ƙasa da ke Surulere a Legas, yana iya cin karo da samari a kan allo mai taya huɗu, suna fama da wani juyi mai wuya da ake kira kikfilif. Wasu iyaye 'yan Arewa mazauna Kudu kan ce shiririta ce. Wannan kuskure ne, amma gaggawar yaran ita ma kuskure ce.

Wani Ba'amurke, Rodney Mullen, shi ya ƙirƙiro juyin nan a farkon shekarun 1980, bayan ya gwanance da tsalle da allo a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. To, hanyar da mai koyo zai bi ke nan. Da fari ya iya tsallen: ƙafar baya ta buga wutsiyar allo a ƙasa. Sa'an nan ƙafar gaba ta zame zuwa goshin allo, ta shaure shi ta gefe, ya juya sau ɗaya a sama. Sai a tare shi, a sauka a kan kusoshi, gwiwa a lanƙwashe. Wanda ya karkata baya, allo zai tsere masa. Wanda ya tsorata, ƙafa ɗaya zai sauke, sai targaɗe.

Wasan ya shiga gasar Olamfik ta Tokyo a 2021, inda Momiji Nishiya, 'yar shekara 13, ta ci zinare. Saboda haka iyaye su bar hani, su sayi hular kwano, su tsawata kan hawa titin mota. Yara kuwa su tuna, sai an iya tafiya ake gudu.