Shan Iskar Yamma a Bakin Kogin Challawa: Warin da Bai Kamata Kano Ta Saba da Shi Ba

Daga ƙarshen Fabrairu zuwa farkon Maris, sanyin hunturu ya ja baya, zafin bazara kuma bai kankama ba. Mutumin Ɗorayi da ya nufi Panshekara bayan La'asar, ya gangara bakin Kogin Challawa, zai tarar da masu lambu suna ban ruwa, tifofi suna lodin yashi, yara suna wasa a rairayi. Amma a wasu wuraren, tun kafin ya kai gaɓa wari zai tare shi.

Ba a ɓoye tushen warin yake ba. Gurɓataccen ruwan masana'antun Sharaɗa yana bin rafin Salanta, na rukunin masana'antun Challawa kuma yana bin magudanai, duk su ƙare a kogin. Kamfanonin jima suna amfani da sinadarin kuromiyam, wanda ba ya ruɓewa, sai dai ya taru a laka da ƙasar noma. A arewacin birni ma haka abin yake: ruwan Bompai yana bin rafin Getsi zuwa Jakara, har madatsar Wasai.

A wannan lokaci ne matsalar ta fi tsanani, domin babu ruwan sama da zai tsarma dattin. Lokacin ne kuma manoman rani suka fi dogara da kogin. Latas ɗin da aka shayar a nan, gobe yana kan faranti a cikin gari.

Babu mai neman a rufe masana'antu. Fata tsohuwar sana'ar Kano ce, dubban gidaje na ci daga gare ta. Abin da ake nema shi ne kowane kamfani ya tace ruwansa kafin ya sake shi. Tun 2007 aka kafa hukumar NESREA domin tabbatar da bin dokokin muhalli. Ya kamata ita da Ma'aikatar Muhalli ta Jihar Kano su riƙa gwada ruwan kowane wata, su wallafa sakamakon da Hausa, tare da sunan duk kamfanin da ya karya doka.

Masu unguwanni da ƙungiyoyin matasan Ɗorayi, Sharaɗa da Panshekara su ma su kai koke a rubuce, tun kafin damina ta zo ta kwashe dattin, a sake mantawa da maganar sai baɗi.