Ɗan kwaleji a gidan mai masauki: wa zai tambayi minista a madadinsa?

Duk lokacin komawa makaranta a watan Oktoba, tashoshin mota na Tasawa, Madawa, Matamaye da Birnin Konni kan karɓi yara ƴan shekara 12 zuwa 14, kowa da ƙunshin tufafinsa da ɗan buhun gero. Sun gama firamare a ƙauyensu, an turo su ajin farko na kwaleji, wato siziyam, a garin da ba su da uwa ba su da uba. Da yawa daga cikinsu za su sauka gidan wani ɗan uwa ko abokin mahaifi. Daga ranar, karatun yaro ya rataya ga halin gidan: ko tukunya za ta isa, ko akwai fitilar yin bita da dare, ko yarinya za ta samu sararin buɗe littafi bayan ɗebo ruwa da wanke-wanke.

Babu gwamnatin da ta mulki Nijar ba ta san wannan matsala ba, kuma alƙawari bai taɓa yin ƙaranci ba. Issoufou Mahamadou ya yi alƙawarin karatu kyauta kuma dole har zuwa shekara 16. Mohamed Bazoum ya sa gina makarantun kwana na ƴan mata a sahun gaba na shirinsa, aka soma da ta Kelle a jahar Damagaram. Abin da ya yi ƙaranci shi ne wurin da ake tsayar da minista a bainar jama'a, a ce masa ya kawo lissafi: nawa aka ware, nawa aka kashe, yara nawa suka amfana. Wannan aikin majalisar dokoki ne, Nijar kuwa ba ta da zaɓaɓɓiyar majalisa tun juyin mulkin 26 ga Yuli 2023.

Kayan aikin da tsohuwar majalisa take da su

Kundin tsarin mulki na 25 ga Nuwamba 2010 ya bai wa majalisa mai kujeru 171 hanyoyi da dama na sa ido kan gwamnati. Dipite na iya aika wa minista tambaya a rubuce ko ya yi ta da baki a zauren majalisa. Ana iya kiran minista ya zo ya yi bayani kan wani lamari da ya taso. Majalisa na iya kafa kwamitin bincike, tana kuma iya kaɗa ƙuri'ar yankan ƙauna ga gwamnati ɗungurungum. Akwai kwamitin da ke kula da harkokin jama'a da al'adu, wanda sha'anin ilimi ke ƙarƙashinsa. Babban makamin kuma shi ne zaman kasafin kuɗi na ƙarshen shekara, inda ministan ilimi zai zo ya kare kuɗin ma'aikatarsa kafin a amince.

Amfanin wannan tsari ga ɗan kwaleji a bayyane yake. Amsar minista tana shiga kundi, ƴan jarida su ɗauka, mutanen gari su ji a rediyo. Idan ya ce an gina azuzuwa kaza a jahar Tawa, dipiten yankin na iya komawa gida ya ƙirga, ya dawo baɗi da takardarsa a hannu. Dipiten ma ya san cewa iyayen waɗannan yara ne za su yanke masa hukunci ranar zaɓe.

Inda majalisar ta kasa

Sai dai duk wanda ya bi ayyukan majalisar ya san ba ta yi amfani da ƙarfinta yadda ya kamata ba. Jam'iyyar PNDS Tarayya da ƙawayenta sun riƙe rinjaye mai yawa, kuma dipiten masu mulki ba kasafai yake son kunyata ministan ɓangarensa ba. Ƙuri'un yankan ƙauna da ƴan adawa suka shigar a zamanin Faraminista Brigi Rafini ba su kayar da gwamnati ba.

Misalai biyu sun isa. A 2012 gwamnati ta kai wa majalisa daftarin dokar kare ƴan matan da ke karatu daga a cire su a yi musu aure. Ƙungiyoyin addinin Musulunci suka nuna adawa, majalisa ta mayar da daftarin don a sake nazari, maganar ta kwanta. Sai a watan Disamba 2017 aka samu wani mataki, shi ma majalisar ministoci ce ta ɗauke shi ta hanyar ƙudurin gwamnati mai tallafa wa karatun ƴan mata har zuwa shekara 16. A ƙasar da alƙaluman UNICEF ke cewa kashi 76 cikin 100 na ƴan mata ana aurar da su kafin shekara 18, wakilan jama'a sun kasa zama da malamai da iyaye su samo matsayar da kowa zai iya ɗauka.

Misali na biyu ya fi ciwo. Ranar 13 ga Afrilu 2021 gobara ta tashi a azuzuwan zana na wata makaranta a unguwar Pays-Bas ta Yamai, yara 20 suka rasu. Ranar 8 ga Nuwamba na shekarar, abin ya maimaitu a Maraɗi, aka rasa yara akalla 25. Bayan ta biyun ne gwamnati ta hana amfani da azuzuwan zana ga ƙananan yara ƴan rainon farko. A lokacin hukumomi da kansu sun ce akwai irin waɗannan azuzuwa kimanin 36,000 a faɗin ƙasa. Wata bakwai ke tsakanin gobarar biyu, majalisa na nan da dukkan ikonta, amma hakan bai sa an ɗauki matakin da wuri ba. Yaran da suka rasu ƙanana ne, sai dai rumfunan zana ba su tsaya a firamare ba, suna nan a kwalejojin CEG da dama, a birni da karkara. A wannan shekara ta 2021 kuma, waɗanda suka ci jarrabawar BEPC da ta Bak ba su kai kashi 25 cikin 100 ba.

Abin da ya maye gurbinta

Bayan babban taron ƙasa na watan Fabrairu 2025, Janar Abdourahamane Tiani ya sa hannu kan kundin sake gina ƙasa ranar 26 ga Maris 2025, aka kuma rusa jam'iyyun siyasa. A ƙarshen watan Yuni aka girka majalisar tuntuɓa ta CCR mai mambobi 194, ƙarƙashin jagorancin Dokta Mamoudou Harouna Djingarey. Mambobinta naɗa su aka yi. Aikinsu ba da shawara ne, shawarar kuma ba dole ba ce a kan gwamnati. Dokoki, har da ta kasafin kuɗi, shugaban ƙasa ne ke fitar da su da sa hannunsa.

Giɓin bai tsaya a Yamai ba. Tun 2016 aka miƙa wa ƙananan hukumomi wani ɓangare na kula da makarantun firamare, aka bai wa majalisun jahohi na sakandare. A watan Afrilu 2024 an rusa waɗannan zaɓaɓɓun majalisu, aka naɗa kantomomi a gurbin magadan gari. Uban da ke son ya san dalilin da ya sa kwalejin garinsu ba ta da malamin lissafi ba shi da dipite, ba shi kuma da kansila.

Duk da haka manyan matakai na ta fitowa. An maido da jarrabawar kammala firamare ta CFEPD a 2024, bayan shekaru kusan 10 da soke ta. A shekarar kuma ambaliya ta sa an ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba. Ɗaruruwan makarantu sun rufe saboda rashin tsaro, galibi a jahar Tillaberi, ɗalibansu da dama sun watsu cikin garuruwa. Masu goyon bayan gwamnati na cewa yanzu ana yanke hukunci da sauri, ba tare da ja-in-jar ƴan siyasa ba, kuma maido da CFEPD abu ne da malamai da iyaye da yawa suka daɗe suna nema. Akwai gaskiya a cikin wannan. Amma matakin da aka ɗauka da sauri ya fi buƙatar wanda zai biyo bayansa ya duba abin da ya haifar.

Tambayoyin da ke jiran amsa

Majalisar CCR ba za ta iya kayar da minista ba, amma babu abin da ya hana ta neman alƙaluma a rubuce ta kuma sanar da jama'a. A cikinta akwai mutanen da suka fito daga kowace jaha, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayoyi huɗu za su nuna ko zamanta zai taɓa rayuwar ɗan kwaleji.

Ta farko ta shafi masauki da abinci. Makarantun kwana nawa ne aka kammala, nawa ke aiki, ƴan mata nawa ke ciki, kuma daga wane asusu ake ciyar da su? Ginin da babu hatsi a ma'ajiyarsa ba ya riƙe ɗaliba. Yaran maza da ke zaune a gidajen masu masauki su ma suna buƙatar a san adadinsu.

Ta biyu ita ce ta alawus. Kuɗin da hukumar ANAB ke biyan ɗalibai, idan ya makara, yana daga cikin dalilan da ke fitar da ƙungiyar ɗalibai ta USN kan titi shekara da shekaru. Ga yaron ƙauye, wannan ɗan kuɗi shi ne sabulu, littafin rubutu da kokon safe. A bayyana ɗaliban sakandare nawa ke samu a kowace jaha, da ranar da aka biya kowane zango.

Ta uku kan yaran da ke ɓacewa a hanya. Cikin waɗanda suka shiga siziyam, nawa ne ke kai ajin BEPC bayan shekara huɗu, maza da mata, gunduma bayan gunduma? Waɗanda suka faɗi CFEPD kuma ina suke nufa, cibiyoyin koyon sana'a suna da gurbin da zai ɗauke su?

Ta huɗu kan aji da malami. Azuzuwan zana nawa suka rage a kwalejoji da lise-lise? Kwalejoji nawa ne ba su da ruwa ko makewayi na ƴan mata daban? Awa nawa na karatu aka rasa a shekara saboda jinkirin albashin malaman kwantiragi?

Ma'aikatar ilimi na tattara irin waɗannan alƙaluma daga daraktocin makarantu kowace shekara, don haka ba sabon aiki ake nema daga gare ta ba. Abin da ya rage shi ne a fito da su inda kwamitocin kula da makarantu na COGES da ƙungiyoyin iyaye za su iya gwada su da abin da idonsu ke gani. Kundin sake gina ƙasa ya mayar da Hausa harshen ƙasa. Idan aka karanta amsoshin ma'aikatar a gidajen rediyo da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci, Tamashek da Kanuri, uwar da ta tura ɗiyarta Dakwaro ko Magarya za ta san ko abin da aka faɗa a Yamai ya iso ƙofar makarantar.

Tarihin Nijar ya nuna abin da ke faruwa idan ɗalibai suka rasa ƙofar kai kukansu. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai uku suka rasa rayukansu a gadar Kennedy ta Yamai yayin wata zanga-zanga, kuma har yau USN na tunawa da ranar kowace shekara. Zauren da ake yin tambaya a ba da amsa ya fi titi sauƙi ga kowa, har da gwamnati. Yaran da suka sauka tasha da buhun gero a bana za su kai ajin BEPC nan da shekara huɗu, kafin wa'adin wata 60 da kundin ya tsara ya yi nisa da cika, kuma adadin waɗanda suka kai zauren jarrabawar zai nuna ko an yi tambayoyin a kan lokaci.